Tudun da Iya Ta Hana a Taɓa

A ƙauyenmu babu ƙasar da take zaune haka kawai. Duk inda ka duba gona ce, wannan ta jingina da waccan, iyakar tsakaninsu layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle. Ko gefen hanya sai ka ga wani ya soka kuɓewa. Shi ya sa baƙo idan ya zo, abin da yake fara tambaya shi ne tudun da ke bayan gidanmu. Fili ne da zai ciyar da gida guda, amma babu alamar fartanya a kansa, sai sabara da geza da wata tsohuwar kuka. Amsar da ake ba shi ba ta da tsawo: Iya ce ta hana.

Iya ita ta haifi babanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Haƙoranta na sama duk sun zube, amma ba ta fasa cin goro ba, sai dai ta goga shi a magogi. A cikin jikokinta ni ta fi sa wa ido, don sunan mijinta na ci. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Mai gida take ce mini, wani lokacin ta ƙara da "mai gidan da bai san hanyar kasuwa ba", ni kuma in ce ai tun bara na sake ta, ba ta dai ji ba ne. Yanzu na haura hamsin, gwiwoyina sun fara ƙara idan na tashi daga salla, kuma da wuya rana ta faɗi ban tuna ta ba, galibi da ɗan haushi.

Da damina muke samun hirarta. Idan an yi magariba an ci tuwo, sai mu cika ɗakin girkinta, ni da yayana Habu da 'yan matan gidan. Takan bar wuta a murhu saboda sauro, ta jefa ɗanyen ganyen darbejiya a kai, hayaƙi ya turnuƙe har idanunmu su yi ja. Ragowar gyaɗar iri da ba a shuka ba ita take soya mana a kasko, tana rabawa da ludayi, tana zagin wanda ya miƙo hannu sau biyu. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Tsohuwa za ta kwance ƙunshi." Mu ce, "Kwance mu gani." Da an kira isha kuwa ta ɗaure, ko da labari yana tsakiya.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo da 'yan matan da suka tafi ɗiban ruwa, na manta fiye da rabinsu. Guda ɗaya ce ta zauna mini, don sau ɗaya take ba da ita a shekara, kuma dalili ne yake jawo ta. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, gefen tudun yakan zaizaye, abin da ke cikin ƙasa ya fito fili: tsingaron tukwane masu zane, guntun dutsen niƙa, da wasu duwatsu masu santsi, bakinsu wasasshe. Mutanen gari gatarin aradu suke ce wa duwatsun. Wai tsawa ce take jefo su daga sama, kuma masu magani suna nemansu. Mu yara kuwa da ruwa ya ɗauke sai tudu, kowa ya ciko aljihu.

Idan ta kama mu ba duka take yi ba. Tasa mu take yi a gaba har tudun, ta ce kowa ya nuna inda ya ɗauki nasa, ya mayar, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Wanda ya manta wurin, ranar ba shi da gyaɗa. Na taɓa ce mata gatarin aradu ai ba na kowa ba ne, tunda daga sama ya faɗo. Ta karɓa ta juya shi a tafin hannunta.

"Aradu tana da lokacin zama ta wasa dutse?" in ji ta. "Dubi nan, Mai gida. Wani ne ya zauna ya goga wannan har hannunsa ya yi kanta. Kai ko wuƙar yankan kuɓewa ba ka iya wasawa ba."

Ta ɗauki wani tsingaro ta nuna mana inda yatsa ya danna yumɓun tun yana ɗanye. Ta sa nata babban yatsan a gurbin, ya zauna daidai. A yammacin irin wannan ranar ne take kwance ƙunshin mutanen tudu.

Wai a da, tun ba a san ƙarfe ba, tun ba a san sunan Kano ba, akwai gari a kan tudun. Da dutse mutanensa suke sare itace, kuma inda fadamarmu take a yanzu kogi ne da ba ya ƙafewa. Sai wata shekara ruwa ya ƙi sauka, ta biyu ma haka. Manyan gari suka ce a tashi a bi tsuntsaye kudu, idan ƙasa ta huce a dawo. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, ƙafa ta ƙi, ba za ta iya tafiyar ba. 'Ya'yanta suka ce za su goya ta, ta ce a'a, gari ba ya zama babu mai jira. Sai ta bi gida gida tana roƙon mata kada su kwashe komai. A bar tukunya a kan murhu, a bar dutsen niƙa a bakin ƙofa, a bar tulu a inda yake. Ta ce musu waɗanda za su dawo ba ku ba ne, jikokinku ne, kuma ba su san fuskar kowa ba. Da yadda kaya suka zauna za su gane gidan kakarsu, don kowace mace da inda take ajiye tulunta.

Suka tafi. Tsohuwa ta yi ta jira har ta mutu, iska da ruwa suka rufe garin da ƙasa. Bayan shekaru sai wani mutum ya zo ya yi bukka a gindin tudun. Mutumin kirki ne, Iya takan nanata wannan. Ya ga bakin tukwane suna leƙowa daga ƙasa, ya ji tausayin kayan mutane a yashe, ya ce bari ya adana musu. Ya tono su ɗaya bayan ɗaya ya tara wuri guda, manya a nan, ƙanana a can, ya yi musu rumfa don kada ruwa ya taɓa su. Ran nan sai ga jikokin matafiya sun iso, kowa da abin da aka faɗa masa tun yana yaro. Wannan ya ce gidansu shi ne mai tulu biyu a hagun ƙofa, wancan ya ce nasu shi ne mai dutsen niƙa yana kallon gabas. Suka hau tudu suka tarar da ramuka. Mutumin ya fito da murna ya kai su rumfa, ya ce ga kayanku nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Suka duba, suka sake dubawa, babu wanda ya gane nasa. Suka kwana ɗaya suka wuce.

"'Yan gefen da ya tona ne suka zo," in ji Iya, tana kwashe gyaɗa daga kasko. "Na sauran ba su iso ba tukuna. Na ɗaure ƙunshina, wanda bai ƙoshi ba sai baɗi."

Ni labarin haushi yake ba ni. Babu kura, babu waƙa, kuma wanda na ga ya fi kowa kirki shi ya tashi da laifi. Na ce mata ai taimako mutumin ya yi.

"Da mugu ne ai da sauƙi," ta ce. "Mugu ka gan shi ka kore shi. Shi wannan har ruwa za ka ba shi ya sha, ya ƙara ƙarfin tono."

Babanmu ba ya son zancen. Yana ganin camfi ne, ga gida yana ta cika, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Na taɓa jin ya ce mata waɗancan mutanen ko addini ba su da shi, me ya haɗa mu da su.

"Ni ban ce a yi musu yanka ba, ban ce a roƙe su komai ba," in ji ta. "Kayan mutane ne, na ce a bar musu. Wane littafi ne ya hana?"

Baba ya bar zancen, don uwa ce. Har ta rasu ba a taɓa tudun ba. Bayan ta rasu ma bai iya ba, sai dai ya tsaya ya dube shi ya girgiza kai ya wuce.

Ni aka sa a boko. Na zama malamin firamare a wani gari a hanyar Gezawa, kullum ina kan babur, na je na dawo. Habu shi ya riƙe noma, Allah kuma Ya ba shi 'ya'ya da yawa. Da Baba ya rasu, tun ba a raba gado ba, sai ga masu tifa sun fara zarya. Ana ta gine-gine a bakin titi, ana neman ƙasar ciko, ga tudun nan kusa da hanya, ƙasa a tare, ba sai an yi rami ba. Habu ya ce riba biyu ce: a karɓi abin da za su bayar, in sun kwashe kuma a sami shimfiɗaɗɗen fili a shuka dawa. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ma ban gani ba. Na dai roƙe shi ya ba ni wata biyu.

Na ɗauki hotunan tsingaro da gatarin aradu da waya, na aika ta hannun wani abokin karatuna zuwa jami'a, wurin masu binciken kayan mutanen da. Ban sa rai ba, sai ga amsa cewa wata Dakta za ta zo ta gani ranar Asabar ta sama. Lissafina shi ne idan ta ga abin da ya burge ta, hukuma za ta shigo ta ce kada a taɓa, ni da Habu mu huta da jayayya.

A nan na yi abin da har yau nake nadamarsa. A wurinmu ba a tarar baƙo da datti. Ba a kuma barin babban baƙo, balle mace, ya hau tudu cikin ƙaya da rana yana tonon ƙasa alhali ga masu gida a tsaye. Sannan na ji tsoron kada ta taso tun daga birni ta tarar da fasassun tsingaro kawai, ta ce mun ɓata mata lokaci. Saboda haka kwana uku, da na dawo daga makaranta sai in ɗauki diga da shebur in nufi gefen yamma, inda ruwa ya riga ya yanka ƙasar. Ban yi nisa ba na fara cin karo da tukwane cikakku, a zaune daram, wasu an kife musu ƙananan kasake a baki. Bakwai na fitar lafiya, biyu suka fashe a bakin diga. Na sami dutsen niƙa da ɗansa a kansa. Na tarar da baƙar ƙasa mai gawayi na share ta gefe, ƙasusuwan dabbobi kuma na watsar da su cikin sabara.

Kada in yi ƙarya in ce ban tuna labarin Iya ba. Na tuna, tun a saran farko. Amma na ce wa kaina wancan mutumin da jahilci ya yi nasa, ni kuwa da ilimi nake yi, kuma don in ceci tudun ne.

Na kai tukwanen gida na ce wa matata Hauwa ta gyara su. Ta zazzage ƙasar da ke ciki a juji, ta sa soso da sabulu da toka ta dirje su har baƙin jikinsu ya fita, zanen ya bayyana tar. Ni kuma na shafa wa gatarin aradu man gyaɗa don su yi ƙyalli. Muka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na jera su, manya a baya, ƙanana a gaba. Aka dama fura, aka yanka zakara. Na tsaya na dubi aikina na ji daɗi ƙwarai.

Dakta ta iso da hantsi tare da abokan aikinta biyu. Mace ce sa'ata, Bakanuwa, mai sanyin magana, da takalmin shiga daji a ƙafarta. Muka gaisa, ta yi mana ta'aziyyar Baba, na ce bismilla ta shigo zaure. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon tabarmar. Sannan ta tsuguna, ta leƙa cikin babbar tukunyar, ta shinshina.

"Malam, wanke su aka yi?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya. Har sau biyu."

"Ƙasar da ke ciki fa?"

"Tana juji. Kaji ma sun baje ta."

Ta ɗan rufe ido. Ta nuna wata mai dogon wuya.

"Wannan daga wane wuri ta fito? Wacce ce a kusa da ita? Wacce ce a sama, wacce a ƙasa?"

Na dubi tukwanen a jere bisa ga girmansu, yadda na tsara su da hannuna. Ban san amsar ko ɗaya ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta zauna a gefen tabarma da kwanon fura a gabanta, ta yi mini bayani a hankali. Ta ce baƙin da muka dirje shi ne zai faɗi abin da aka dafa, ko nono ne ko nama ko hatsi. Ƙasar ciki takan riƙe ƙwayar da ta ƙone, a gane ko mutanen noma suke yi ko tsintar na daji. Gawayin da na share kuwa da shi ake auna daɗewar wuri.

"Tukunya ita kaɗai ba ta faɗin abu mai yawa, Malam," ta ce. "Sai da inda take zaune, da abin da ke maƙwabtaka da ita. Waɗannan suna da kyau, amma yanzu kyan kawai ya rage."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ina malami, ina koya wa 'ya'yan mutane, ga ni na yi daidai abin da tsohuwar da ba ta san biro ba ta yi shekaru tana ja mini kunne a kai.

Duk da haka ta ce a kai ta tudun. Ta hau da kanta, ƙayar da nake jiye mata ko kallonta ba ta yi ba. Ta zagaya, ta dawo ta tsuguna a bakin ramin da na yi, ta goge bangonsa da hannu. Ta kira abokan aikinta ta nuna musu wasu layuka a jikin ƙasar. Ta ce mini daɓen ɗaki ne a kan daɓen ɗaki, mutane sun zauna, sun rushe, sun sake gini a kai. Na ga fuskarta ta saki.

"Yaushe rabon a noma nan?"

"Ni dai ban taɓa gani ba. Babana ma bai gani ba."

Ta ce a ƙasar Kano da wuya a sami inda fartanya ba ta juya ba. Irin waɗannan wurare da ta sha gani, sai dai a tarar da tsingaro a warwatse a gona, na da da na jiya duk sun cakuɗe. Nan kuwa gari ne guda a kwance yadda masu shi suka bar shi, in ban da inda na taɓa.

"Wa ya hana a nome shi?"

"Kakata."

"Ta yi karatu?"

"Iyakarta abin salla."

"Allah Ya jiƙanta," in ji Dakta. "Ta yi mana aikin da mu ba mu iya ba."

Da rani suka dawo suka yi mako biyu. Ramin da suka buɗe bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Da ɗan cokalin magina da buroshi suke aiki, kowace ƙasa sai an tankaɗe ta a rariya, kowane abu sai an auna an zana kafin a ɗaga. Zurfin da na yi a yammaci ɗaya su sai da suka yi kwanaki. Suka tarar da murhu da tokarsa, da 'yan ƙwayoyin hatsi ƙonannu da ba su cika cokali ba, da ɓarɓashin dutse inda wani ya zauna yana gyaran gatari. Ƙarfe kuwa ko ƙwaya babu. Dakta ta fi murna da 'yan ƙwayoyin nan a kan tukwanena bakwai. Daga baya ta kira ni a waya ta ce awo ya nuna mutanen sun girmi duk wani abu da aka rubuta game da ƙasar nan. Da za su tafi suka mayar da ƙasa suka cike ramin, suka daddanne.

Na tambaye ta ko in mayar da nawa tukwanen in binne.

"A'a, Malam. In ka mayar, wanda zai zo bayanmu zai ɗauka a nan masu su suka bar su. Ƙarya za su yi masa."

Suna nan a bayan ƙofar ɗakina har yanzu. Ba su koma ba, ba su kuma tafi ko'ina ba.

Dakta ta rubuta takardu zuwa inda ya kamata, ta ce za su dawo da babban aiki idan hali ya samu. Damina uku ta wuce. Babu shinge, babu mai gadi, babu ko allo. Takan kira ni da salla mu gaisa, in ji a muryarta ita ma ta gaji da bin ofisoshi. Masu tifa kuwa ba sa gajiya. Habu ya yi haƙuri fiye da wata biyun da na roƙa, har ya ce a zauna a raba gado kowa ya san nasa.

Aka zauna a zaure bayan la'asar: liman, da mai unguwa, da Baba Garba ƙanin babanmu wanda shi kaɗai ya rage a manya, da ni da Habu, 'yan'uwanmu mata suna daga ciki suna ji. Maganar ba ta da wuya. In tudun ya zauna na kowa da kowa, masu son a sayar sun fi yawa. Hanya ɗaya ce za a bar shi, ya zama rabon mutum ɗaya. Da aka daidaita, sai ya zo daidai da rabona na gonar da ke bakin fadama, wadda ko a shekarar ƙarancin ruwa ba ta ba mu kunya.

"Isiyaku, kada ka yi wa kanka haka," in ji Habu. "Albashin firamare ne zai riƙe maka gida? Matar nan ba za ta dawo ba. Ko ta dawo, me za ta ba ka?"

 Ina so in ce na shiga zauren da ƙudurina, amma gaskiya na gaji, kuma zuciyata ta fi karkata ga gonar. Na yi iya ƙoƙarina, na ce wa kaina, har ɓarna na yi garin ƙoƙari.

Sai Baba Garba ya gyara zama. Ya ce shi ba ya goyon bayan kowa, amma akwai abin da ba mu sani ba. A shekarar wata yunwa, lokacin shi Baba Garba yana saurayi, kakanmu ya yanke shawarar a share tudun a shuka. Iya ta yi magana, bai saurara ba. Sai ta ce a ɗauki gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa don kanta, a haɗa da gandun gida, a bar tudu. Aka yi haka. Daga ranar ba ta sake mallakar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Da kaɗin auduga da sayar da daddawa ta yi sauran rayuwarta.

"Ku kuna tsammanin da baki kawai ta hana," in ji shi. "Da gonarta ta fanshe shi. Ta sha wuya kuwa, na gani da idona. Kuma har ta mutu babu wanda ya zo. Na faɗa ne don kada a ce ba a faɗa ba."

 Na ce a ba ni tudun. Liman ya tambaye ni sau uku, ya ce in yi tunani, in ma ina so a ɗaga zuwa gobe. Na ce in aka kai gobe ba zan iya ba, a rubuta yanzu.

Hauwa ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. A na uku ta ajiye mini abinci ta ce, "Ai da hannuna a ciki, ni na wanke su." Ba mu sake tayar da zancen ba.

Yanzu ni ɗan manomi jikan manomi, a kasuwar hatsi ta Dawanau nake tsayawa a auna mini gero da kwano, in ɗaura a bayan babur. Da kaka Habu yakan aiko da dami biyu ko uku, ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Masu tifa har yanzu sukan tsaya su gaishe ni, su tambayi lafiyar iyali, su tambaya ko na sake shawara. Wani lokacin, idan wata ya yi nisa, nakan daɗe kafin in amsa.

Da ina yaro na ɗauka abin da Iya take koya mana mai sauƙi ne: ka ga kayan mutane, ka naɗe hannu ka wuce. Ban san barin abu yadda yake ma sai wani ya rage cin abincinsa ba, kuma ba a gode masa, don babu abin da ya yi da za a nuna. Ban sani ba ko Dakta da mutanenta su ne masu zuwan da take nufi, ko wasu ne da ba a haifa ba. Mai yiwuwa ni ma in tafi ban ga kowa ba, kuma ban tabbata a cikin 'ya'yana akwai wanda zai yarda ya gaji filin da ba a nomawa ba. Wannan ba a hannuna yake ba. Bana ma ruwa ya sauka, gari ya fita shuka, ni ban jefa ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Tudun yana nan yadda aka miƙo mana shi, in ban da gefen yamma.